Fad ɗin birki: Inda mai mota zai rage kuɗi da inda bai kamata ya rage ba

Motar da ta bar Ƙafin Maiyaki ta nufi Tudun Wada da Doguwa tana da dajin Falgore a gabanta, inda ake doguwar tafiya ba gareji a kusa, ga shanu na tsallaka titi, ga manyan motoci ɗauke da masara. A irin wannan hanya ran fasinjoji na rataye ne a kan wani abu da bai wuce tafin hannu ba, wato fad ɗin birki, wanda ke matse faifan da ke bayan taya idan direba ya taka.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gyaran mota, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su, sun yi tsada. Hakan ya sa wasu ke jan ƙafa wajen sauya fad, wasu kuma su ɗauki mafi arha. Akwai hanyar sauƙi da ta fi waɗannan: a sayi mai kyau, a rage kuɗin aiki.

Yaushe fad ke ƙarewa?

Sabon fad kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya cinye ya koma milimita 3, lokacin sauyi ya yi. Yawancinsu na da ɗan ƙarfen da ke yin ƙara mai tsini domin gargaɗi. Idan ƙarar ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, to faifan ne ake ci, kuma kuɗinsa ya fi na fad.

Wanne za a saya?

Araha ba ta ado. Jabun fad na saurin zafi, kuma ɓawonsa kan rabu da ƙarfen a tsakiyar tafiya. Wanda aka ciro daga motar Baljiyam kuwa, ba mai sanin irin wahalar da ya sha.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko shagon kayan gyara na kusa, ya tafi da tsohon fad ɗinsa a gwada, domin na Golf daban, na Corolla daban. Ya duba kwali ko akwai sunan kamfani da lambar kaya, da alamar ECE R90, wadda ke nuna an gwada shi bisa ma'aunin Turai. Da yake har kwalin manyan kamfanoni irin su Bosch ana kwaikwayo, ya fito da fad ɗin ya duba: kada ya ga tsagewa ko giɓi tsakanin ɓawon da ƙarfen. Kuma hagu da dama ake sauyawa tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda.

Yadda ake sauyawa a gida

Kayan aikin su ne jak, wil-sifana, sifanu da matsi. A ajiye mota a wuri mai tauri, ba kan rairayi ba, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da dutse. A sassauta notocin taya kafin a ɗaga. Bayan an ɗaga a sa ƙaƙƙarfan katako a ƙarƙashi, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Idan an cire taya, a kwance ƙusoshin gidan birki, a ɗaure shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai. A ɗauki hoto da wayar hannu kafin a zare tsohon fad. A tura fistin ciki a hankali da matsi, ana lura da tankin man birki kada ya tumbatsa. Kada a hura ƙurar da baki, domin tana cutar da huhu. Tsumma mai laima ya wadatar. Kada giris ko mai ya taɓa fuskar fad.

Matakin da mantawa da shi ke jawo haɗari shi ne na ƙarshe: kafin mota ta motsa, a yi ta taka birki har ya yi tauri. In ba a yi haka ba, takun farko zai nutse ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. Daga nan a gwada a hankali inda babu jama'a.

Inda aikin gida ya tsaya

Idan an ga mai na ɗiga, ko faifai ya yi zane mai zurfi, ko fistin ya ƙi komawa, ko birki ya ci gaba da laushi, aikin na makanike ne. Haka ma birkin baya mai ganga ko mai lantarki. Wanda kuma bai taɓa yi ba, ya fara a gaban makanike ya ga yadda ake yi.

Kuɗin aiki ana iya rage shi a ƙofar gida. Kuɗin da aka rage a kan fad kuwa, a kan hanya ake biyansa.