Aikin da Ya Dace da Mutum: Taimakon Manya Masu Ƙwaƙwalwa ta Daban

A garuruwa da ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, ba a rasa babban mutum wanda jama'a suke cewa ba kamar kowa yake ba. Wani ba ya kallon idon mai yi masa magana, kuma hayaniyar kasuwa tana firgita shi. Wata ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ta ɗora tukunya ta manta da ita. Wani kuma ya shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, ga shi da wayon ciniki, amma baƙaƙe suna rikice masa. Sau da yawa akan ce iskoki ne, ko sammu, ko lalaci. Daga nan sai duka, ko ɗauri, ko a bar mutum ga bara. Mace kuwa takan rasa aurenta.

Mene ne wannan hali?

Ƙwaƙwalwar mutane ba iri ɗaya ba ce. Akwai waɗanda tun suna ƙanana tasu take aiki ta wata hanya daban. Likitoci sun ba waɗannan halaye sunaye. Akwai galahanga, wadda take shafar magana da cuɗanya da jama'a da yadda mutum yake jin ƙara ko haske ko taɓi. Akwai wahalar tsayar da hankali wuri ɗaya. Akwai kuma wahalar karatu da rubutu ga mutumin da hankalinsa yake cikakke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da galahanga. Idan aka bi wannan lissafi, garin da yake da mutum 1,000 yana iya samun kamar mutum 8.

Waɗannan halaye ba hauka ba ne, ba a ɗaukarsu daga wani, kuma ba laifin uwa ba ne. Babu allura ko jiƙo da zai kawar da galahanga. Amma mutum yana iya koyon sana'a, ya ci guminsa, idan an bi hanyar da ta dace da shi.

A lura da abu ɗaya. Idan babban mutum yana lafiya lau, sai halinsa ya sauya farat ɗaya, ko yana faɗuwa yana karkarwa, wannan wani al'amari ne daban. A kai shi cibiyar lafiya ta CSI ba da jinkiri ba. Farfaɗiya tana da magani.

Jinya ta hanyar aiki

Akwai fannin kiwon lafiya da yake taimakon mutum ya iya ayyukansa na yau da kullum: wanka, sa tufafi, girki, noma, sana'a da shiga cikin jama'a. Da Faransanci ana kiransa ergoterapi, wato jinya ta hanyar aiki. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta farko a Amurka a 1917, ƙungiyarsu ta duniya kuma a 1952. A shekarun 2010 an yi amfani da wannan fanni a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, musamman ga masu ƙuna da masu shanyewar ɓarin jiki. Ƙwararrunsa kaɗan ne ƙwarai a Nijar. To amma dabarunsa ba su da wuyar fahimta, kuma iyali da malamin aji suna iya amfani da su a gida.

Ma'aikacin wannan fanni yakan duba abubuwa uku: mutumin, da aikin, da wurin da ake yin aikin. Mu kuwa mun saba duban mutumin kaɗai, muna so lalle ya sauya. Alhali sau da yawa aikin ne, ko wurin, ya fi sauƙin gyarawa.

A fara da abin da mutum yake so

Kafin komi, a tambaye shi. Babba ne, ba yaro ba. Idan magana tana yi masa wuya, a zuba ido mako guda a ga abin da hannunsa yake komawa gare shi, da lokacin da yake natsuwa, da abin da yake tayar masa da hankali.

A ce saurayi ne mai galahanga a gidan masu noman albasa a Madawa. An kai shi kasuwa ya taya sayarwa, sai ya toshe kunne ya gudu, aka ce ba shi da amfani. Amma wannan saurayi yana son jera abubuwa, kuma idonsa ba ya tsallake ƙaramin aibi. A zaunar da shi a inuwa kusa da rudu, ya ware manyan albasa daga ƙanana, ya fid da wadda ta fara ruɓa. Wannan aiki ne da yake gundurar mutane da yawa, shi kuwa yana iya yinsa da kyau, kuma mai albasa ya san asarar da ruɓaɓɓiya ɗaya take jawowa cikin ajiya. Haka nan saƙar tabarma da kaba, wadda aka san Madawa da ita, da tufkar igiya, da ban ruwa a wurin renon itatuwa: hannu yana maimaita abu guda, babu hayaniya. Ba kowane mai galahanga ne yake son irin wannan ba, shi ya sa tambaya take zuwa da farko.

Wanda hankalinsa ba ya tsayawa kuwa, zama ne yake wahalar da shi. Ya fi dacewa da aikin motsi, kamar kiwo ko jigila da amalanke. Idan aikin na zaune ne, a yanka shi gajeru, yana tashi yana dawowa.

A raba aiki kashi-kashi

Mutanen Keita sun san wannan dabara. Da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, ba a ce wa kowa ya je ya gyara tudu ba. Akwai masu haƙa, da masu ɗaukar dutse, da masu jerawa, da masu dasa itace, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Haka ake koya wa mutum aiki. Kada a ce, "Je ka kula da awaki." A ce, "Kwance igiya." In ya gama, a ce, "Kai su rijiya." Umurni ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan a dakata, domin wasu sukan ɗauki lokaci kafin su amsa. Nunawa da hannu ta fi dogon bayani. Ana iya zana matakan aikin a bango da gawayi, hoto bayan hoto.

A ɗaura ayyuka ga lokutan da ba sa sauyawa, kamar bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Ƙararrawar wayar salula tana tuna wa mai mantuwa cewa akwai tukunya a wuta. Idan za a yi tafiya, ko biki, ko baƙi za su zo, a gaya masa tun da wuri.

A gyara wurin

Mai jin zafin ƙara ya tafi kasuwa da sassafe, kafin ta cika. Kada a aike shi wurin injin niƙa, ko kuma ya sa ƴar auduga a kunne. A keɓe masa wani lungu a gida inda zai huta ba mai damunsa. Idan yana jijjiga jiki ko kaɗa hannu, kuma ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi. Da haka yake kwantar da hankalinsa. Hana shi da tsawa ƙara rikita shi yake yi.

A ajin yaƙi da jahilci, wanda baƙaƙe suke yi wa wuya ya zauna a gaba. Ya rubuta harafi babba a kan yashi da yatsa, yana faɗin sautinsa. Malami kada ya tsayar da shi karatu a gaban jama'a ba shiri, domin kunya ita take korar irin waɗannan ɗalibai. Saƙon murya a waya yana biya masa bukata kafin karatu ya zauna.

Haƙƙinsa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a kansu a 2019. Amma a gida ake fara tauye haƙƙi. Akan sa mutum aiki daga safe zuwa yamma, a sallame shi da tuwo, don an ga ba ya iya jayayya. Idan ya yi aikin kuɗi, a biya shi kamar kowa, wani amintacce cikin dangi ya tsaya a wurin lissafi. A koya masa gane takardun kuɗi da launinsu. Mace mai irin wannan hali tana bukatar ƙarin kariya daga masu cin zarafi, kuma kada a ɗaura mata aure ba da yardarta ba. Idan kun ga an ɗaure mutum ko ana dukansa, ku sanar da mai gari, da ma'aikacin lafiya, ko ofishin kula da jin daɗin jama'a na gundumarku.