Yadda Lardin Sardauna Ya Zama Nijeriya: Ƙuri'ar Raba Gardama ta 1961

Yawancin iyakokin ƙasashen Afirka Turawan mulkin mallaka ne suka shata su a kan takarda, can a biranensu, ba tare da shawartar mazauna wurin ba. Amma a gabashin Nijeriya akwai wani yanki da mutanensa suka zaɓi ƙasarsu da hannunsu. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda aka yi haka ta faru.

A shekarar 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a gaɓar Kamaru, suka yi ta kutsawa arewa. Da suka zauna da Ingilishi don raba ƙasa, sai aka tsaga daular Adamawa: Yola, inda Lamido yake, ta faɗo hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasarsa kuwa ta tafi ga Jamus. Haka Dikwa ta rabu da sauran Barno. Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma. Abin da Ingila ta samu wani siririn tsiri ne daga Tafkin Chadi zuwa teku, wanda daga 1946 ta riƙe shi amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Don sauƙin mulki sai ta haɗa arewacinsa da lardunan Barno da Adamawa da Binuwai, kudancinsa kuma da Jihar Gabas, har 1954 lokacin da ya sami majalisarsa a Buea.

Da samun mulkin kai ya ƙarato, sai tambaya ta taso: ina ƙasar amana za ta nufa? A watan Nuwamba na 1959 aka tambayi mutanen arewacin yankin ko su zauna cikin Jihar Arewa, ko a jinkirta maganar. Shugabanni a Kaduna sun ɗauka an gama magana, amma da aka ƙidaya ƙuri'u sai masu son jinkiri suka yi rinjaye.

Abin lura shi ne, ba Nijeriya jama'a suka ƙi ba. Mutanen kan duwatsu da ƙananan ƙabilu sun daɗe suna kuka da hakiman da ake turo musu daga Yola, da haraji, da shari'ar da ba su da baki a cikinta. Ƙuri'ar ita ce dama ta farko da suka samu ta faɗin haka. Gwamnatin Jihar Arewa ta gane karatun. Aka raba su da En'en Adamawa, aka kafa musu nasu hukumomin, Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, kuma ya yi musu alkawarin lardi nasu na kansu.

Ran 11 da 12 ga Fabrairu 1961 aka sake jefa ƙuri'a, wannan karo har da mata, abin da ba a taɓa yi a zaɓen Arewa ba. Zaɓi biyu ne kawai: shiga Tarayyar Nijeriya, ko shiga Jamhuriyar Kamaru ta Shugaba Ahmadu Ahidjo. A arewa mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. A kudu, inda jam'iyyar John Foncha ke mulki kuma ake tsoron danniyar Jihar Gabas, abin ya juya: 233,571 suka bi Kamaru, 97,741 suka bi Nijeriya.

Ran 1 ga Yuni 1961 arewacin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, da hedkwata a Mubi. Kamaru ba ta ji daɗi ba, ta kai ƙara Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci. Garuruwan wannan yanki, irin su Dikwa da Gwoza da Mubi da Ganye da Gembu, yanzu suna cikin jihohin Barno da Adamawa da Taraba.

Kudancin ya shiga Kamaru ran 1 ga Oktoba 1961 bisa sharaɗin tarayya. A 1972 aka rushe tarayyar, aka mai da mulki duka Yawunde. Masu magana da Ingilishi suka ga an warware alkawarin da suka shiga a kansa, kuma da ma tun farko ba a ba su zaɓin tsayawa da ƙafarsu ba. Wannan ƙorafi ne ya ruru a 2016, ya zama faɗa da makamai a shekarar da ta biyo.

Ita kanta iyakar ba ta daina jawo gardama ba, ko da yake Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada. A 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru tsibirin Bakassi, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, Nijeriya kuma ta kammala miƙa shi a watan Agusta na 2008.