Masanin Injiniyancin Jiragen Ruwa da Ayyukansa Uku

Kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke cinikayyarsu ta teku ake ɗaukarsu. Ko ƙasar da ba ta da gaɓar teku, kamar Nijar ko Cadi, yawancin kayanta sai sun fara sauka a tashar wata ƙasa, kamar Lome ko Duwala. Ilimin da ke kula da injin jirgin ruwa, da farfelarsa, da wutar lantarkinsa, da famfunansa, shi ake kira injiniyancin jiragen ruwa. Yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ilimin tsara gangar jikin jirgin. Wanda ya yi zurfi a wannan fanni yakan haɗa ayyuka uku: koyarwa, da bincike, da ba da shawara.

Koyarwa

A 1883 wata attajira mai suna Isabella Elder ta ba da kuɗi aka kafa kujerar farfesa ta ilimin tsara jiragen ruwa a Jami'ar Gilasgo, a ƙasar Sikotilan. A wannan shekara ce kuma wani sabon jirgi mai suna Daphne ya kife a kogin birnin a ranar da aka saka shi a ruwa, mutum 124 suka mutu. Wannan hatsari ya nuna cewa gwaninta ta hannu kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da lissafi.

Malamin wannan fanni yana koyar da lissafi, da yadda zafi ke zama ƙarfi a cikin inji, da yadda ruwan gishiri ke cin ƙarfe. Ɗalibinsa zai tarar da injin da ya fi gida girma. Alal misali, jirgin Emma Maersk da aka ƙera a 2006 yana da inji mai silinda 14, mai ƙarfin kilowat dubu 80. In irin wannan inji ya lalace a tsakiyar teku, babu garejin da za a kai shi. Shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta wajabta wa ɗalibi ya haɗa karatun aji da aikin hannu kafin a ba shi takardar shaida. A Afirka ta Yamma akwai makarantar da Gana ta buɗe a 1958, wadda ta zama jami'a a 2007. Tana Akara, kuma Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo suna da hannu a cikinta.

Bincike

Jirgin ruwa abu ne mai tsada, ba a ƙera shi don gwaji. To, yaya za a san ƙarfin injin da yake bukata tun ba a ƙera shi ba? Wani Bature ɗan Ingila, William Froude, shi ya warware wannan matsala. Wajen 1872 ya gina dogon kwami na ruwa, mai tsawon kimanin mita 85, yana jan ƙananan siffofin jirage a ciki yana auna yadda ruwa ke turje musu. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake bi a lissafa abin da zai faru da babban jirgi. Har yanzu ana amfani da irin wannan kwami, tare da taimakon kwamfuta.

Binciken yau ya fi karkata ga mai da hayaƙi. Daga farkon 2020 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta rage yawan farar wuta da aka yarda ya kasance a man jirgi, daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100. Wannan ya sa masana suka duƙufa kan na'urorin tace hayaƙi da sababbin nau'o'in mai.

Ba da shawara

Masu jirage, da kamfanonin inshora, da kotuna, da gwamnatoci, duk sukan nemi masani ya duba musu abin da ya shige musu duhu. John Biles misali ne mai kyau. Ya tsara manyan jiragen fasinja kafin ya zama farfesa a Gilasgo, inda ya koyar daga 1891 zuwa 1921. Da jirgin Taitanik ya nutse a 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka, yana cikin masanan da suka zauna tare da alƙalin da ya yi bincike a Landan. Jirgin na ɗauke da mutum kimanin 2,200, amma kwale-kwalen ceto 20 da ke cikinsa mutum 1,178 kawai za su iya ɗauka. A 1914 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku.

A nan ne nauyin aikin yake. Mai jirgi ne ke biyan masani, amma rayukan matuƙa da fasinjoji ne ke rataye a kan sa hannunsa. In ya ga tsaga a jikin ƙarfe ya yi shiru don gudun ɓacin ran mai biyansa, teku ba za ta yi shiru ba.

Ayyukan nan uku kowane yana ciyar da ɗan'uwansa. Abin da masani ya gano wajen binciken hatsari shi yake zama tambaya a ɗakin gwaji, amsar kuma ta zama darasi ga ɗaliban da za su riƙe injinan gobe.