AIKIN LAUYAN GWAMNATI: Ƙofar Da Sababbin Lauyoyi Ke Rainawa

Kowace shekara idan aka zo bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja, iyaye da dangi su kan cika harabar zauren, ana ɗaukar hoto ana yi wa juna barka da arziki. Yaro ya sha baƙar riga da hular lauya, uwa tana hawayen murna. Ba abin mamaki ba ne, gama tafiyar ta yi nisa. Shekara biyar a jami'a, sa'an nan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko bisa dokar 1962, yanzu kuwa hedkwatarta tana Bwari, tana da rassa a wurare irin su Bagauda ta Jihar Kano da Yola. Bayan wannan kuma ga shekarar bautar ƙasa. To, da an watse daga biki, sai tambaya guda ta tsaya a gaban kowannensu, watau ina zai dosa?

Sau da yawa zuciyar sabon lauya tana ga ofisoshin manyan lauyoyi masu zaman kansu na Ikko da Abuja, ko bankuna, ko kamfanonin mai. Aikin Ma'aikatar Shari'a kuwa a kan bar shi a ƙarshen lissafi, a ce sai in an rasa wani. Wannan kuskure ne babba, kuma ɓarnarsa ba a kan matasan kaɗai ta tsaya ba, har ta kai ga talakawan da ke zaune a gidajen yari suna jiran a duba maganarsu.

MANYAN DA SUKA BI HANYAR

Bari mu fara da waiwayen baya. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, da ya gama karatun lauya a Ingila a 1956, ya dawo ya kama aiki a matsayin ƙaramin lauyan gwamnatin Jihar Arewa. A 1964 ya zama Darektan Gabatar da Ƙararraki na Arewa, daga bisani ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, shi ma lauyan gwamnati ya fara yi, har ya kai Solisita-Janar na Jihar Arewa ta Tsakiya kafin ya hau kujerar alƙalanci, ya shugabanci Kotun Ƙoli daga 1995 zuwa 2006. Mai Shari'a Aloma Maryam Mukhtar, mace ta farko da ta zama lauya daga Arewa, a 1967 ta shiga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa tana mai koyon aiki. A 2012 ita ce mace ta farko da ta zama Alƙaliyar Alƙalan ƙasar nan.

Mutum uku ke nan da suka kai ƙololuwar aikin shari'a, dukansu kuwa daga teburin ƙaramin lauyan gwamnati suka tashi. Duk wanda ke ganin wannan tebur wurin da aka rasa mafita ne, ya kamata ya sake tunani.

MENE NE AIKIN?

Tsarin Mulkin 1999 ya kafa ofishin Atoni-Janar na Tarayya a sashe na 150, na jihohi kuma a sashe na 195, ya kuma ce ba a naɗa mutum a wannan muƙami sai ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya. Sashe na 174 da na 211 sun ba shi iko iri uku a kan ƙararrakin laifi: ya shigar da ƙara, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. Amma fa an ɗora masa sharaɗi, cewa ya duba amfanin jama'a, da adalci, da hana a yi wasa da kotu. Atoni-Janar mutum ɗaya ne, ba zai iya tsayawa a kowace kotu ba, saboda haka dokar ta yarda ya yi amfani da wannan iko ta hannun ma'aikatansa. Waɗannan ma'aikata su ne lauyoyin gwamnati.

A galibin ma'aikatun shari'a aikin ya kasu manyan sassa uku. Akwai sashen gabatar da masu laifi, wanda Darektan Gabatar da Ƙararraki ke shugabanta. Akwai sashen ƙararrakin da ba na laifi ba, inda a ke kāre gwamnati idan ɗan kwangila ko mai fili ko ma'aikacin da aka sallama ya kai ta ƙara. Akwai kuma sashen tsara dokoki, inda a ke rubuta ƙudurin da za a kai Majalisa, a ke kuma duba yarjejeniyar da gwamnati za ta sa wa hannu. Ban da ma'aikatun, akwai hukumomin da ke ɗaukar lauyoyinsu, kamar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, da hukumomin yaƙi da cin hanci, da kuma Hukumar Taimakon Shari'a, wadda tun 1976 ta ke ba marasa hali lauya kyauta.

FAYIL ƊAYA, RAN MUTUM ƊAYA

Domin mai karatu ya gane nauyin aikin, bari mu ɗauki misali. A ce faɗa ya tashi a wani ƙauye a kan iyakar gona, aka rasa rai, 'yan sanda suka kama mutum biyar. Za su kai su gaban majistare, amma majistare ba shi da ikon yin shari'ar kisan kai, haka ma fashi da makami. Abin da zai iya kawai shi ne ya tura su gidan yari, a aika da fayil Ma'aikatar Shari'a, a jira shawararta. Wannan fayil kuwa sau da yawa kan teburin ƙaramin lauya ya ke sauka. Shi zai karanta bayanan shaidu da rahoton likita, ya auna ko akwai hujjar da za ta tsaya a Babbar Kotu, ya rubuta ra'ayinsa ya miƙa wa na gaba da shi. Mai yiwuwa ya ga cewa biyu ne ke da hannu, sauran ukun tsautsayi ne ya rutsa da su a wurin.

Idan ya yi aikinsa a kan kari, mutum uku sun koma gida kafin damina ta wuce su. Idan fayil ya kwanta a cikin durowa, ko ya ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikata, sai watanni su zama shekaru, gona ta zama saura, yara su bar makaranta. An daɗe ana kuka da cewa wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Saboda wannan ne Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙayyade wa Atoni-Janar na Tarayya kwana 14 ya ba da shawara daga ranar da fayil ya iso hannunsa. Jihohi ma sun yi tasu dokar, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Amma doka a takarda ba ta karanta fayil, sai an sami mutum mai sani da tsoron Allah ya zauna ya karanta.

A nan ne ribar sabon lauya ta ke. Abokinsa da ya shiga babban ofishi mai zaman kansa ya kan yi shekaru yana ɗaukar jakar maigida, yana neman a ɗage zama. Shi kuwa lauyan gwamnati, saboda yawan ƙararraki, ba ya daɗewa a ke miƙa masa tasa shari'ar, ya tsaya gaban alƙali ya gabatar da shaidu da kansa. A jihohin Arewa kuma ilminsa ya kan faɗaɗa, gama zai yi aiki da Finalkod, wanda ya fara aiki a 1960, da kuma dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci a jihohin da suka kafa su tun daga 2000. Wanda ya haɗa karatun dokar zamani da ta Musulunci, kamar yadda a ke koyarwa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, lalle zai ga amfaninsa. Haka kuma mai jin harshen shaidunsa ya fi saurin gane gaskiyar magana a kan wanda sai da tafinta.

ƊACIN DA KE CIKI

Ba za mu ɓoye wa matasa ɗacin aikin ba. Albashi bai kai abin da ƙwararren lauya mai zaman kansa ke samu ba, kuma ƙungiyar lauyoyin gwamnati ta sha yin kuka, har da yajin aiki a wasu jihohi, tana neman a daidaita albashin 'ya'yanta da na majistarori. Ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki ta hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da wata sana'a ta kansa, ban da noma, saboda haka babu damar buɗe ofis a gefe. Ci gaba ma a hankali ya ke zuwa, daki-daki, daga lauyan gwamnati zuwa babban lauya, har a kai darekta.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne jarrabawar hali. Wata rana dangin wanda a ke tuhuma za su zo da ƙunshi a hannu. Wata rana kuma wani mai faɗa-a-ji zai aiko a sassauta wa yaronsa, ko a tsananta wa abokin hamayyarsa. Ya kamata sabon lauya ya sani tun ranar farko cewa ba a ɗauke shi don ya sa a ɗaure mutane ko ta halin ƙaƙa ba. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa wa kotu gaskiya, har da wadda za ta wanke wanda a ke tuhuma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, halin da ya ɗauka a shekararsa ta farko da wuya ya rabu da shi.

HANYAR SHIGA

Mai sha'awa sai ya tanadi takardar digirinsa, da shaidar Makarantar Lauyoyi, da ta rantsarwa, da ta gama bautar ƙasa, da ta ƙaramar hukumarsa. Ɗaukar aiki ta hannun Hukumar Ma'aikata ta Tarayya ko ta jiha a ke yin ta, sai a sa ido ga sanarwarsu, a kuma guji masu cewa a biya kuɗi a sami gurbi. Wanda aka tura Ma'aikatar Shari'a a shekarar bautar ƙasa kada ya nemi a sauya masa wuri, ya tsaya ya bi manya kotu, ya koyi yadda a ke rubuta takardar tuhuma da shawara. Wanda kuma ke da burin alƙalanci ya tuna cewa Babbar Kotun jiha tana bukatar shekara 10 da zama lauya, kuma shekarun da aka yi a tsaye gaban alƙali ba su da na biyu wajen shirya mutum.

A ƙarshe muna kira ga gwamnatocin jihohi su ƙara ɗaukar lauyoyi matasa, su kyautata musu albashi, su sama musu littattafai da kwamfutoci da abin hawa na zuwa kotunan karkara. Jihar da ta bar lauya ɗaya da tulin fayiloli, gidan yarinta ne zai cika. Iyaye kuma su daina ganin ɗansu ya gaza don ya zaɓi wannan aiki. Allah ya ba matasanmu ikon riƙe amana.