Bayan Digirin Digirgir, Ina Masanin Kimiyya Zai Dosa?

Jama'a da dama suna ɗaukar digirin digirgir a matsayin ƙarshen karatu. A fannonin kimiyya irin su fiziks, ilimin sinadarai da nazarin halittu, wannan digiri shaida ce kawai cewa mutum ya iya bincike a ƙarƙashin kulawar malami. Kafin ya tsaya da ƙafafunsa, a ƙasashen da kimiyya ta kafu sai ya yi shekara biyu ko uku yana aikin bincike zalla a ɗakin gwaje-gwajen wani gogaggen farfesa, ana biyansa albashi, ba tare da an jibga masa koyarwa ba. A nan yake ƙwarewa a kan na'urori, ya wallafa sakamakon aikinsa, ya koyi neman kuɗin bincike da kansa.

Ƙofofin irin wannan aiki a buɗe suke ga 'yan Afirka. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster domin masana daga ƙasashe masu tasowa, wanda ke kaiwa wata 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammala digirgir ba. Tarayyar Turai tana da shirin Marie Curie. Akwai kuma cibiyar TWAS da ke Italiya, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya jagoranci kafawa a 1983, mai tura matasan masana zuwa wasu ƙasashe masu tasowa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka can aljanna ce. Aikin na kwantiragi ne, yana ƙarewa sai a sake nema. A Jamus wata doka ta 2007 ta ƙayyade shekarun da masani zai yi a irin wannan kwantiragi, wanda bai samu kujerar dindindin ba kuwa sau da yawa sai ya bar jami'a. A 2022, dubban ma'aikatan bincike na Jami'ar Kalifoniya a Amurka sun shiga yajin aiki saboda albashinsu ya kasa riƙe su.

Damuwata ita ce halin da muke ciki a gida. A yawancin jami'o'inmu wannan mataki babu shi. Matashi yana kare kundinsa sai a ɗora masa azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai, ga duba takardun jarrabawa, ga kwamitoci. Kafin ya ankara shekara biyar ta wuce, fasahar da ya koya ta tsufa. Wanda ya fita waje kuma ba kasafai yake dawowa ba, domin babu ɗakin gwajin da zai karɓe shi.

A ganina gyaran yana hannunmu. Asusun TETFund yana ba da kuɗin bincike ga malaman jami'a. Ya kamata kowane babban tallafi ya ƙunshi albashin matashin masani ɗaya na shekara biyu, a tallata gurbin a fili, a kuma fifita wanda ya fito daga wata jami'a domin ilimi ya zagaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsalolin gurɓatar ruwan sha, cututtukan amfanin gona da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani suna buƙatar masanan da aka ba lokacin zama a ɗakin gwaji, kuma wajibi ne jami'o'inmu su samar musu da wannan lokaci.