Turmi da Taɓarya a Littattafan Masana Sinadarai na Dā

Duk wanda ya buɗe shafukan zane na littafin ilmin sinadarai da Lavoisier ya wallafa a Faransa a shekarar 1789, zai yi tsammanin ya fara cin karo da tukwanen gilas masu dogon wuya. Amma abin da ke shafin farko shi ne turame da taɓare, da dutsen niƙa, da rariya. Matarsa Marie-Anne ce ta zana shafuka 13 na littafin, ta kuma sa hannu a ƙasansu.

Ba a banza turmi ya sami wannan matsayi ba. Sinadari ba ya narkewa da sauri, ko ya haɗu da wani sosai, sai an mayar da shi gari. Tun zamanin masu alkimiyya, wato masu fafutikar mayar da dalma zinariya, an san haka. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya lissafa turmi da dutsen niƙa cikin kayan aikin da ya bayyana a littafinsa na asiran wannan sana'a. Sai dai suna kaɗai ba ya gaya wa ɗalibi zurfin turmi ko siffar gindinsa, balle yadda ake riƙon taɓarya.

Wannan giɓi ne zane ya cike, kuma a ganina babu wanda ya kai likitan nan Bajamushe, Agricola, ƙoƙari. Littafinsa kan haƙar ma'adinai ya fito a 1556, shekara ɗaya bayan rasuwarsa, domin sassaƙa zane-zanensa fiye da 250 a kan katako ya ɗauki shekaru. A ciki akwai injin daka wanda ruwa ke juyawa: gungumen itace mai haƙora yana ɗaga manyan taɓare masu kan ƙarfe, ya sake su ɗaya bayan ɗaya a kan duwatsun ma'adini, kamar dai luguden mata a tsakar gida. Kowane sashe an sa masa harafi, wasu ma an zana su a warwatse a ƙasa, yadda kafinta a wani gari zai duba ya ƙera nasa.

Damuwar Lavoisier daban ce. Shi ya kawo turame iri-iri, na tagulla, na ƙarfe, na dutse, na itace da na gilas, saboda taɓarya tana cin turmi kamar yadda take cin abin da ake dakawa. Idan aka daka abu mai tsami a turmin tagulla, tagullar za ta shiga garin, awon mai bincike ya lalace bai sani ba. Har ila yau ya ja kunnen mai karatu cewa komai laushin gari, kowace ƙwaya tana nan da ɗabi'ar dutsen da ta fito daga cikinsa. Raba ta zuwa asalin sinadaranta aikin wuta ne da ruwan narkarwa, waɗanda kayansu ke shafukan da suka biyo baya.