Harsashin da ya ƙi tashi: me ya sa farke shi ke raba mutane da yatsunsu

A ƙauyukan gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, bindigogi iri biyu aka fi gani a hannun mafarauta. Akwai adaka, wadda maƙera ke ƙerawa kuma ake ɗura ta ta baki, akwai kuma bindigar farauta kalibar 12 mai cin harsashi mai kwanson roba. Harsashin kanti na da tsada ga mutumin karkara, shi ya sa ba a cika yar da komai ba. Kwanson da aka harba, wasu kan sake cika shi da hannu. Wanda kuma aka danna kunama ya ƙi tashi, sai a sa wuƙa a farke shi don a kwashe dalma da albarushin da ke ciki. Mai yin haka gani yake tattali ya yi, amma aikin nan yana iya cinye masa hannu ko ido.

Abubuwa huɗu ne a cikin kwanson kalibar 12. A gindinsa akwai ɗan ƙaramin maɓalli na ƙarfe da ake kira amorce da Faransanci, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan aka buge shi. Sai albarushi, sai toshiyar roba ko ta kwali da ke raba albarushin da ƙwayoyin dalma, sai dalmar kanta. Lambar 12 ɗin ma daga dalma ta samo asali: ƙwallo 12 na dalma masu faɗin ramin bututun ne ke yin nauyin laba ɗaya ta Ingila, faɗin ramin kuwa ya kai wajen milimita 18 da rabi.

Harsashi kan ƙi tashi saboda dalilai kaɗan. Raɓar damina ta shiga kwanson da aka ajiye a ɗakin ƙasa, ko maɓallin ya tsufa, ko wanda ya cika shi bai zaunar da maɓallin daidai ba, ko kuma ƙarfen bindigar da ke bugunsa ya yi sanyi. A duk waɗannan, maɓallin da aka buga sau ɗaya ba lallai ne ya mutu ba. Wani lokaci wutar tana ci a hankali, harbin ya fito bayan 'yan daƙiƙu, lokacin da mai bindiga ya riga ya juyo da bakinta wajen fuskarsa ko wajen abokin tafiyarsa don ya ga abin da ya faru. Saboda haka ne masu koyar da harbi ke cewa a bar bakin bindigar yana kallon inda babu kowa na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe ta, adaka kuwa a ba ta minti ɗaya ko fiye. Akwai kuma harsashin da ke tashi da ƙaramar ƙara don albarushinsa bai isa ba. Toshiyar kan maƙale a tsakiyar bututu, idan aka sake harbi a kanta bututun ya kumbura ko ya tsage.

Babban haɗarin dai yana zuwa ne bayan an farke kwanson, lokacin da aka zuba garin da aka samu a cikin gwangwani aka kira shi albarushi kamar kowane albarushi. Garin da adaka ta sani shi ne baƙin albarushi na dā, mai hayaƙi da warin farar wuta. Idan ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa kan zama toka da hayaƙi, ƙarfin da yake tura dalma da shi kuma yana da iyaka. Garin da ke cikin harsashin kanti wani abu ne dabam. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da wani nau'insa a shekarar 1884, aka sa masa suna Poudre B, sojojin Faransa kuma suka fara aiki da shi a bindigar Lebel ta 1886. Ba ya hayaƙi sosai, kuma idan aka auna nauyi ɗaya, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi kusan sau 3.

Mai adaka kuwa ba sikeli yake aunawa da shi ba. Da tafin hannu ko da murfin kwalba yake awo, yadda ya gani a wurin mahaifinsa. Idan ya cika wannan ma'aunin da garin harsashin kanti, ya ɗura wa bindigar abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Bututun adaka sau da yawa daga bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota ake yanko shi, ba a taɓa gwada juriyarsa ba, gindinsa ma maƙeri ne ya toshe shi da hannu. Ko kamfanonin Turai da Amurka da ke ƙera bindigogin ɗurin baki da ƙarfe mai inganci suna buga gargaɗi a jikin bututun cewa baƙin albarushi kawai za a sa. Idan adaka ta fashe, ta gindi ko ta tsakiya take fashewa, daidai inda hannun hagu ke riƙe da ita, fuska kuma na jingine a kanta. Garwaya garin biyu ba ya rage haɗarin, domin babu mai iya sanin ƙarfin abin da ya haɗa ta hanyar duban launinsa.

A Amurka da Faransa akwai masu cika harsashi da kansu bisa izinin doka, su ma suna kwance wanda suka yi kuskure a kansa. Sai dai suna da sikelin da ke auna ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na giram, da littattafan awo na kamfanonin albarushi, da na'urar cire kan harsashi wadda ba ta taɓa maɓallin, da tabarau na kare ido. Duk da wannan kayan aiki, ƙa'idarsu ita ce garin da ba a san irinsa ba, ba a mayar da shi cikin bindiga. Mutumin da ke zaune a gindin bishiya da wuƙa da ƙusa, wataƙila da taba a baki, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ita ma dalmar da aka ceto ba lafiya ba ce. Ana narka ta a cokali ko gwangwani a kan murhun gida don a sake yin ƙwayoyi, wasu har da dalmar tsohon batirin mota. Ƙurarta da hayaƙinta na taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Maƙwabta a Zamfara sun ga ƙarshen wannan guba a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

Matsalar ta ƙara faɗi ne tun daga 2019, shekarar da hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato, Zamfara da Katsina suka koro dubban mutane zuwa gundumar Gidan Rumji, satar shanu da garkuwa da mutane kuma suka tsallako iyaka. Tsoro ya sa bindiga ta shiga hannun manoma da samarin da ba su gaji farauta ba, ba su kuma zauna gaban Sarkin Baka sun koyi yadda ake riƙe ta ba.

A Nijar, riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ce ta tsara ta. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Harsashin da ya ƙi tashi, ko wanda yaro ya tsinta a gona, a ware shi nesa da murhu da zafin rana, kada a buga shi, kada a jefa shi a wuta ko a juji inda ake ƙona shara, a sanar da mai gari ko jandarmomi mafi kusa su ɗauke shi.